Manteia: duba ake nufi, ba annabci ba

Malam, na karanta tambayarka. Ka ce kana juya wani littafin tarihin Girkawan dā zuwa Hausa, sai marubucin ya yi ta ambaton wata kalma tasu da ƙamus ya ce tana nufin duba, tana kuma nufin annabci. Kana so ka san kalmar, kana kuma so ka san yadda aka yi kalma guda ta goya abu biyu da a wurinmu ba sa shan inuwa ɗaya.

Kalmar ita ce manteia, da baƙaƙensu μαντεία. Mai aikin sunansa mantis, namiji ne ko mace. Sana'ar kanta mantike, wurin da ake takawa a je a yi tambaya kuma manteion. Duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Shawarata tun kafin in kawo hujja ita ce ka fassara ta da "duba", mai yin ta kuma "mai duba", kada ka kusanci kalmar "annabci" a nan ko sau ɗaya. Ƙamus ɗin bai yi maka ƙarya ba, sai dai da Turanci aka rubuta shi, kuma a Turanci kalmar da suke kiran annabci da ita ta daɗe da yin faɗi har ta haɗiye duk wani faɗin abin da zai zo, ko daga bakin wa ya fito. Tamu ba ta yi wannan faɗin ba. Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, in ya ji "annabci" abin da yake ji shi ne Allah Maɗaukaki ya aiko bawansa da saƙo. In ka sa wa matar da ke zaune a ɗakin bautar Afolo, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, wannan suna, ka karkatar da mai karatu tun daga shafin farko. Na sha ganin haka a takardun ɗalibai, kuma abin yana damuna, domin ba ganganci suka yi ba, ƙamus suka amince wa.

Asalin kalmar akwai labari a cikinsa. Masanin falsafa Aflatun, a littafinsa Faidrus, ya sa a bakin malaminsa Sukurat cewa ba kowane hauka ne cuta ba, akwai wanda alloli ke bayarwa kyauta, kuma da shi ne mata masu duba na Delfi da Dodona, manyan gidajen dubansu, suka yi wa ƙasar Girka alheri mai yawa, alhali in suna cikin hayyacinsu ba wani abin kirki suke tsinanawa ba. Ya ce mutanen farko manike suke kiran wannan sana'a, daga mania, wato hauka, 'yan baya ne suka cusa harafin "t" a tsakiya ta koma mantike. Zancen cusa harafi dai ba haka harshe ke tafiya ba, kuma Aflatun ya saba yin irin wannan wasa da kalmomi. Kamar sauti kaɗai ba ta zama hujja: sunan ƙasar Girka da girkar 'yan bori baƙaƙensu ɗaya, amma ko hanya ba ta haɗa su ba. Sai dai a wannan karo ya faɗa kusa da gaskiya. Masana tarihin harsuna da dama suna mayar da mantis da mania ga saiwa guda, men-, wadda ke da alaƙa da tunani da motsin zuciya. Daga ita aka sami mens, hankali a Latin, da manas da mantra a Sanskirit ta Indiya. Saiwar hankali da ta fitar hankali ɗaya ce ke nan a wurinsu.

Kada ka ɗauki wannan hauka a matsayin na mai yawo a bola. Abin da suke nufi mai karatunka ya fi Bature saurin gane shi, domin a Hausa muna cewa iska ta hau mutum, ya zama dokinta ko goɗiyarta, muryar da ke fita daga bakinsa ba tasa ba ce. Girkawa entheos suke cewa, wato wanda abin bauta ya shiga cikinsa. Ba ina cewa bori da Delfi sun haɗa kaka ba ne, kama ce kawai, amma kama ce da za ta taimake ka wajen zaɓen kalmomi.

Sisero na Rum, da ya rubuta littafinsa a kan wannan batu a shekara ta 44 kafin Miladiyya, ya buɗe shi ne da alfaharin cewa sunan da Rumawa suka ba abin ya fi na Girkawa kyau: su daga kalmar alloli suka ciro divinatio, Girkawa kuwa daga hauka. Shi ne kuma ya bar mana rabon da ake bi har yau, cewa duba iri biyu ne. Akwai na hawa da mafarki, wanda ke sauko wa mutum ba tare da koyo ba, akwai kuma na sana'a, wanda ake koya kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗori.

Wannan na biyun shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ake yawan mantawa. Yawancin waɗanda aka kira mantis a tarihin Girka babu abin da ke hawansu. Mutane ne natsattsu masu karanta alama: tashin tsuntsu ta dama ko ta hagu, surar hantar dabbar da aka yanka, yadda jini ya kwarara, yadda wuta ta ci kitse. Kalkas, mai duban rundunar da ta je yaƙin Taroya a waƙar Homar, an yabe shi da cewa ya fi kowa sanin tsuntsaye, ya san abin da ke nan, da abin da zai zo, da abin da ya wuce. Ka lura da wannan jeri, domin yana rushe zaton cewa manteia labarin gobe ce kaɗai. Aikin farko da Kalkas ya yi a waƙar ba faɗin gobe ba ne, bayyana dalilin annobar da ta faɗa wa sansani ne, wato laifin da aka riga aka yi. Sarki Agamemnon, da amsar ba ta yi masa daɗi ba, ya kira shi mai duban sharri.

Sana'a ce ta gado, akwai gidajen da aka san su da ita, musamman a ƙasar Elis, kuma tana da kuɗi. Tisamenos mutumin Elis bai yarda ya yi wa birnin Isparta aiki ba sai da suka ba shi 'yancin zama ɗan ƙasa shi da ɗan'uwansa, abin da marubucin tarihi Hirodotus ya ce ba su taɓa yi wa kowa ba sai su biyun. Silanos, mai duban da ke tare da sojojin haya na Sairus Ƙarami, wanda ya tashi ƙwace mulki daga wansa sarkin Farisa, a shekara ta 401 kafin Miladiyya, ya ce sarkin Farisa ba zai fito yaƙi ba cikin kwana goma. Da maganar ta tabbata, aka ba shi tsabar zinariya 3,000, a lokacin da albashin soja bai wuce tsaba ɗaya ko ɗaya da rabi a wata ba. Zinofon, wanda ya ba da labarin, ya ce shi kullum yana tsaye a wurin yanka har ya iya karanta hanta da kansa, don kada mai duba ya rufe shi.

In kana so ka ga nauyin abin a idonsu, dubi fagen Filatiya a shekara ta 479 kafin Miladiyya. Farisawa na ruwan kibau, mayaƙan Isparta na nan a inda suke bayan garkuwoyinsu, ana kashe wasu ana raunata wasu, amma ba wanda ya motsa, domin yanka bai nuna alheri ba tukuna. Sai da shugabansu Fausaniyas ya juya ya fuskanci ɗakin bautar allahiya Hera ya yi roƙo, aka sake yanka alama ta yi kyau, sannan suka tashi. Ranar sun ci nasara. Amma akwai ranar da abin ya ci mutanensa. A daren 27 ga Agusta na shekara ta 413 kafin Miladiyya, rundunar Atina da ta gaza a gaban birnin Sirakus na tsibirin Sisili ta gama shirin sulalewa ta teku, sai wata ya yi husufi. Masu duba suka ce a dakata kwana tara sau uku. Nikiyas, babban kwamanda, mutum mai yawan tsoron alamu, ya ce ko shawarar tafiya ba za a sake yi ba sai kwanakin sun cika. Kafin nan abokan gaba suka toshe bakin tashar jiragen. Rundunar ta hallaka, aka kashe Nikiyas, waɗanda aka kama aka zuba su a ramukan fasa dutse. Marubucin tarihi Tusididis ya ce da labari ya isa Atina, mutane suka huce haushinsu a kan masu duba da masu karanto tsofaffin baitocin gaibu, waɗanda suka sa musu rai da cin Sisili tun farko. Wani abin da ke nuna yadda tunaninsu yake: daga baya ba a ce duba ne ƙarya ba, cewa aka yi gwanin mai duban Nikiyas, Stilbides, ya rasu gab da lokacin, kuma da yana raye da ya gane cewa ɓuyan wata alheri ne ga mai son gudu a ɓoye.

Yanzu mu je Delfi, don a nan ne kalma ta biyu take, wadda ita ce tushen ruɗanin da ka shiga.

Delfi tana kan gangaren dutsen Farnasos. Matar da ke magana da sunan Afolo ana kiran ta Fitiya, muƙami ne ba sunan yanka ba. Ba kullum take zama ba: ranar bakwai ga wata, wata tara a shekara, domin a watanni ukun hunturu sun ce Afolo ba ya gari. Mai tambaya zai biya kuɗin wata waina ta hadaya, ya bi layi, sai fa in garinsu na da gatan shiga gaba, wanda shi ma sunansa daga kalmarmu aka ciro shi, promanteia. Kafin a fara, sai a kawo akuya a yayyafa mata ruwan sanyi. In ta karkaɗe jiki tun daga ƙafafu har sama, Afolo ya yarda. In ta tsaya ƙiƙam, ranar babu zama. Marubuci Fulutak, wanda shi kansa ya yi shekaru yana limancin wurin a wajen ƙarshen ƙarni na 1 da farkon na 2 na Miladiyya, ya ba da labarin ranar da wasu baƙi suka zo daga nesa, akuya ta ƙi motsi, masu hidima suka yi ta kwarara mata ruwa har ta karkaɗa dole. Fitiya ta shiga ba da son ranta ba. Tun daga amsar farko muryarta ta shaƙe, daga ƙarshe ta kurma ihu ta ruga wajen ƙofa ta faɗi, kowa ya watse. Bayan 'yan kwanaki ta mutu. Duk lokacin da na karanta wannan wuri sai tausayinta ya kama ni, domin Fulutak ya ce Fitiyar zamaninsa 'yar talakawan manoma ce, ba ta da wani ilmi ko ƙwarewa da ta shigo da su. A shekarar 2001 wasu masana duwatsu da na kayan tarihi sun kawo ra'ayin cewa wata iska mai sa maye ce ke fitowa ta tsagar dutse a ƙarƙashin ɗakin, wasu masanan kuma suka yi musu raddi. Wannan muhawara ba ta shafi fassararka ba.

Cikin waɗanda suka gudu a wannan rana, Fulutak ya ambaci wani Nikandros, ya kira shi prophetes. Ga kalmar nan. Ita ce ta zama sunan annabi a Turanci da Faransanci da sauran harsunan Turai, amma a Delfi ma'aikaci ne kawai na ɗakin bauta. An gina ta daga pro da phemi, "faɗa". Mutane na zaton pro ɗin na nufin "kafin lokaci", wato mai faɗin abu kafin ya faru. A tsohon amfaninta ba haka ba ne, tana nufin faɗa a fili, a gaban jama'a, a madadin wani. Hausa na da abin da ya dace da ita kamar an auna: mai magana da yawun wani. Ita Fitiya ma wani lokaci ana kiran ta prophetis, domin da yawun Afolo take magana. Mawaƙi Findar ya ce wa allahiyar waƙa ita ta yi manteia, shi kuma zai zama prophetes nata. Aflatun ya fayyace abin a littafinsa Timayos: wanda abin ya hau ba shi ne zai yi hukunci a kan abin da ya fito daga bakinsa ba, sai an sami mai cikakken hankali ya fassara, kuma wannan mai fassarar ba mantis ba ne ko kaɗan, prophetes ne. Wato a wurin Girkawan dā mantis ne mai ganin, prophetes mai isarwa ne. Babbar kalma ita ce ta farko, ta biyun tana bayanta.

To yaya aka yi ƙaramar ta haye sama? A Iskandariya ta Masar abin ya faru, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, lokacin da Yahudawan birnin, waɗanda Girkanci ya zama harshensu na yau da kullum, suka fara juya Attaura daga Ibrananci. Ita ce fassarar da ake kira ta Saba'in. Suka iso ga kalmar nabi, 'yar'uwar nabiyy ta Larabci wadda muka ara muka ce annabi. Kalmar da ta fi kusa a bakin kowane mai jin Girkanci ita ce mantis. Suka ƙi ta. Tana warin hanta da hayaƙin gumaka da kuɗin duba. Suka ɗauki prophetes, wadda ba ta ɗauke da komai sai ma'anar mai isar da maganar wani, suka ba Annabi Musa da sauran annabawa. Mantis da danginta kuma suka ajiye su ga abin da Attaura ta haramta. A sura ta 18 ta Maimaitawar Shari'a za ka ga kalmomin biyu kusa da juna: a aya ta 10 an hana a sami mai yin manteia a cikin jama'a, a aya ta 15 an yi alkawarin tayar da prophetes. Bal'amu, wanda aka ɗauko don ya la'anci Isra'ilawa, a littafin Joshuwa mantis aka kira shi. A littafin Mika, da aka zo zargin annabawan da suka lalace, cewa aka yi suna yin manteia don azurfa. Sabon Alkawari ya bi wannan sawu: aikatau na wannan kalma sau ɗaya tak ya fito a cikinsa, a sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni, a kan wata baiwa a birnin Filibi da iyayengijinta ke samun kuɗi da dubanta. Iskar da ke kanta ma an kira ta da sunan Fiton, macijin da labarinsu ya ce Afolo ya kashe a Delfi.

Ka ga ke nan katangar da kake ji a Hausa tsakanin duba da annabci ba baƙuwa ba ce ga Girkanci. An gina ta a cikinsa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, da gangan, ta hannun masu fassara irinka. Har yau a Girka prophetes ake kiran Annabi Iliya, wanda ƙananan majami'u masu sunansa ke bisa kawunan duwatsu a ko'ina cikin ƙasar, da ita kuma suke kiran Annabi Muhammadu (SAW). Ita kuwa manteia ta sauko ƙasa: a bakin Bagirken yau aikatau ɗinta, mandevo, "canka" yake nufi, irin na canki-canka.

Mai karatu Musulmi zai ji wani abu ya motsa masa a nan, kuma da gaskiyarsa. Larabawan jahiliyya suna da kahin da arraf, kuma da Manzon Allah (SAW) ya zo da Alƙur'ani, cikin abubuwan da Kuraishawa suka jefe shi da su akwai bokanci da hauka. Aya ta 29 ta Suratuɗ Ɗur ta kore su biyun a jere, cewa shi da ni'imar Ubangijinsa ba kahin ba ne, ba kuma majnun ba. Boka da mahaukaci a numfashi ɗaya: haɗin nan da Aflatun ya yi yana yabo, shi Alƙur'ani ya kawo yana nesanta Annabi daga gare shi. In kana neman kalmar Larabci da ta yi daidai da mantis, kahin ce, ba nabiyy ba.

Me ya sa na ce "mai duba" ban ce "boka" ba? Domin boka a Hausa mai magani ne kuma, da saiwoyi da ƙulle-ƙulle, sannan sunan na ɗauke da tsargi, ana zuwa wurinsa ne a ɓoye. Mantis kuwa a bainar jama'a yake aiki, gwamnati ke ɗaukarsa, yana tsaye kusa da sarkin yaƙi. Akwai na ƙasa-ƙasa, waɗanda Aflatun ya ce suna bin ƙofofin attajirai suna tallar tsarkake zunubi da cutar da maƙiyi a kan kuɗi kaɗan. Waɗannan in ka ce musu bokaye ba ka zalunce su ba. Akwai kuma kalmar iatromantis, mai magani mai duba, wadda ita ce ta fi kusa da bokanmu. Amma Tisamenos ko Kalkas, "mai duba" ya fi musu.

Akwai abin da nake so ka riƙe game da abin da ake tambaya, domin labaran da suka yi suna suna ɓatar da mutane. Kowa ya san na Kurosus sarkin Lidiya, wanda aka ce wa in ya yaƙi Farisa zai rushe babbar daula, ya haye kogin Halis, ya rushe tasa a wajen shekara ta 546 kafin Miladiyya. Kowa ya san na "katangar katako" da Delfi ta ce za ta ceci mutanen Atina, wadda jagoransu Temistokilis ya fassara da jiragen ruwa kafin yaƙin Salamis a 480. Irin waɗannan ne suka sa masanin falsafa Hiraklitus ya ce ubangijin da ke Delfi ba ya faɗa, ba ya ɓoyewa, ishara yake yi. Amma waɗannan labaran sarakuna ne da suka bi ta hannun marubuta. Muryar talaka tana Dodona, a arewa maso yammacin Girka, inda ake tambayar Ziyus, babban allolinsu, a gindin wani tsohon itace. A can mai tambaya yakan sami ɗan siririn falle na dalma, a karce tambayarsa a kai, a naɗe. An tono irin waɗannan da yawa, kuma a shekarar 2013 aka buga rubuce-rubuce fiye da 4,000 daga cikinsu. Wani mai suna Lisaniyas yana tambaya ko cikin da Annila ke ɗauke da shi nasa ne. Wani Agis yana tambaya a kan barguna da matasan kai da suka ɓace masa, ko wani na waje ne ya sace. Wasu na tambaya ko su yi kiwon tumaki, ko su yi tafiyar fatauci ta teku, ko su auri wance, ko za su sami haihuwa, bayi na tambaya a kan 'yanci. Sau da yawa tambayar ba "me zai faru" ba ce. Sigar da ke ta maimaituwa ita ce: shin zai fi alheri, zai fi kyau, in na yi kaza? Ko kuma: wane abin bauta zan yi wa yanka don al'amarina ya daidaita? Ka ɗora waɗannan a kan abin da ka san ana kai wa mai bugun ƙasa, sata da ciki da aure da kasuwa, za ka ga babu inda annabci ya shigo. Annabi aiko shi ake yi da abin da mutane ba su tambaya ba, sau da yawa ma abin da ba sa son ji. Mai duba zuwa wurinsa ake yi da tambaya, a biya.

Su kansu ba makafi ba ne a kan abin. Hirodotus ya kawo labarin Fitiyar da aka saya, Feriyalla, don ta ce wani sarkin Isparta ba ɗan ubansa ba ne, da asiri ya tonu aka tuɓe ta. Marubucin wasan kwaikwayo Yurifidis kuma yana da baitin da ya zama kamar karin magana a wurinsu, cewa gwanin masu duba shi ne wanda ya iya kintace.

Sauran 'yan kalmomi da za ka ci karo da su. Amsar da aka bayar, musamman in baiti ce, sunanta chresmos, ka ce "amsar duba" ko "faɗar Afolo". Chresmologos shi ne mai tara tsofaffin amsoshi a littafi yana karanto wa mutane, ba ya gani da kansa. Wurin kuma, manteion, "gidan duba" ya wadatar. Duk kalmar da ka ga ta ƙare da -manteia, farkonta na gaya maka kayan aikin ne: cheiromanteia duban tafin hannu, kleromanteia na ƙuri'a, hydromanteia na ruwa, nekromanteia kiran matattu a tambaye su. Wannan ta ƙarshen, a Latin na tsakiyar zamani bakin mutane ya karkatar da ita ta koma nigromantia, kamar daga kalmar "baƙi" ta fito, kuskuren ji ne kawai ya zauna.

Ɗaya daga cikinsu ta shafe mu kai tsaye. Abin da Turawa ke kira da sunan da ya fito daga geomanteia, duban ƙasa, ba na Girkawan dā ba ne. Ilmur ramli ne na Larabawa, mai siffofi goma sha shida da ake fitarwa daga ɗige-ɗigen da aka buga a rairayi, wato bugun ƙasan da muka sani. Ya shiga Turai ne a ƙarni na 12 ta hannun masu fassara a ƙasar Sifaniya, irin su Hugo na Santalla, suka ɗauko tsohon suna suka laƙaba masa. Girkawan daular Rum ta Gabas da abin ya iso musu ba su ma yi amfani da wannan suna ba, kalmar raml suka murɗa suka ce rabolion. Saboda haka in littafinka na maganar zamanin Hirodotus ne, kada ka sa "bugun ƙasa" a bakin kowa, bai iso ba tukuna.

Ƙoƙi ma, matar Gizo, tana cikin wannan dangi. Ƙwaron nan ƙoƙi-ƙoƙi mai ɗaga hannuwa biyu kamar mai roƙo, Girkawa mantis suke kiran sa tun zamanin mawaƙi Tiyokritus, kuma da wannan suna masana kimiyya suka san shi har yau.

Wuri ɗaya ne zai ba ka wahala, shi ne inda marubucinka ya kawo prophetes a zancen Delfi ko Dodona, kamar Akeratos da Hirodotus ya ambata lokacin da rundunar Farisa ta doso Delfi a 480. Hannunka zai so ya rubuta "annabin Afolo", tunda haka yake a Turancin da ke gabanka. Ka rubuta "mai magana da yawun Afolo", ko "kakakin gidan duba". In kuma littafin ya gangaro zuwa zamanin Yahudawan Iskandariya da Kiristocin farko, daga nan kalmar ta zama "annabi" da gaske, sai ka sa ɗan bayani a ƙasan shafi a wurin da ma'anar ta juya. In ka haɗu da jimlar da ta ƙi zama, turo mini ita tare da sakin layin da take ciki da sunan marubucin dā da aka ɗauko ta daga gare shi, mu duba ta tare.